Notin da Na Bari Sai Ƙarshe

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba bakanike, na ƙarƙashin darbejiyar bakin tasha a Funtua.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabi irin na ɗa ga uba, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama da yalwar makwanci. Na san ba a aika wa mutanen ƙiyama takarda, malaman da suka koyar da ni ma in suka ga wannan tsaki za su yi. Amma akwai amsar da ka ce in kawo maka da bakina, wata huɗu ke nan kuma da rufe ƙofar da zan bi in kai ta. Na rubuta a nan shafina ne domin a nan na fi baza ƙaryar, inda nake saka hotuna da jabba da littattafai, mutane suna ce min Ustaz ina amsawa.

Baba, ni ba ɗalibi ba ne. Rabona da shiga aji shekara uku. Abinci nake kai wa mutane gida-gida a kan babur a nan Alƙahira, kuma har ka koma ga Allah ban faɗa maka ba.

Ba laifin kowa ba ne. Na zo da tallafin karatu kamar yadda ka sani, na yi shekarar farko da ƙyar, a ta biyu na faɗi, na maimaita na sake faɗuwa, aka yanke tallafin. Kaina ne bai ɗauka ba. Wani dattijo Bahaushen Sudan, Haj Adam, mai shagon turare a ƙasan benen da nake haya a unguwar Faisal, shi ya sama min aiki a wani gidan abinci, ya kuma raka ni muka sayi tsohon babur ɗan China wanda ya ga duniya. Na ce wata shida zan yi in koma karatu. Haka kowa yake cewa.

Duk Juma'a bayan an sauko kakan kira ni. "Malam, ya karatu?" Malam kake ce min tun ina rarrafe, don sunan mahaifinka Habibu aka sa min, ba ka iya kama shi. Nakan kashe injin, in cire hular kwano, in shige wani lungu nesa da babur ɗin kafin in ɗauka, saboda na san kunnenka. Kai ne mutumin da babur zai wuce a titi ka ce fuloginsa ya kusa mutuwa, ba ka ko ɗaga kai ba. Sai in ce alhamdu lillahi, karatu sai godiya.

Ina tuna yadda kake kora ta daga rumfa. Da na miƙa hannu zan taɓa sifana sai ka ce, "Tashi ka ba ni wuri, hannunka na alƙalami ne." In ɗauki jakar makaranta in zagaya bayan darbejiya, in zauna a kan tsohuwar jarka, littafi a buɗe a cinyata, idona a kan hannunka.

Daga nan na ga aikin kwalin. Duk sanda za ka buɗe murfin inji, sai ka yanko kwalin sabulu, ka zana siffar murfin da biro, ka huda ramuka da ƙusa, kowane noti ya fito ka soke shi a raminsa, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, in aka sa dogo a gurbin gajere zai fasa inji. Kafin ka fara kuma sai ka yage kusurwar kwalin ta dama, alamar nan ne gaban babur. Sauran makanikai a gwangwanin madara suke watsa nasu, suna yi maka tsiya wai Garba ya fito da allonsa. Ba ka taɓa tanka musu ba, sai dai in nasu ya rikice su zo su tsugunna a gabanka.

Ranar da ka raka ni filin jirgi a Kano ka sa farar rigarka ta sallah, hannuwanka biyu cikin aljihu tun daga mota har bakin ƙofar shiga. Na san abin da kake ɓoyewa, baƙin man da ya zauna a ƙarƙashin farcenka wanda sabulu ya gaji da shi. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne na ji daɗi da ka ɓoye, don iyayen sauran ɗaliban 'yan boko ne da manyan 'yan kasuwa. Yau ga nawa farcen, Baba, da za a jera su ba mai bambance su.

To, ga yadda maganar notin ta faro.

Kulocin babur ɗin ne ya fara santsi. In na ja mai sai injin ya yi ta ihu, tafiya kuwa ta hawainiya. Makanikai ba su yi wuya ba a Faisal, amma ɗan Garba ya tura babur wajen usta, wato bakaniken nan ƙasar, don canza farantan kuloci? Girman kai ya hana ni. Na sayo farantan, ranar wata Juma'a bayan masallaci na shigar da babur ɗin zauren bene, ƙarƙashin matakala, na zubar da baƙin mai a roba. Na yanko kwali daga katan ɗin shagon Haj Adam, na zana murfin, na huda ramuka tara. Wallahi ban san lokacin da hannuna ya yage kusurwar ba.

Noti tara ne ke riƙe da murfin. Takwas a fili suke. Na tara yana can ƙasa, bayan matakin birki, bututun salansa ya bi ta kansa ya tare shi, ga shi duk ruwan kwatar lungunan Faisal a kansa yake ƙarewa. Na dube shi na ce, kai sai ƙarshe. Na kwance takwas ɗin nan cikin nishaɗi, har da waƙa, ina soke su a kwali.

Da na zo kansa soket ya ƙi shiga, salansa ta hana. Na sa sifana mai buɗaɗɗen baki a karkace, na ja, ta zame. Na sake, ta zame. A na uku ta tafi da fatar bayan yatsuna. A na biyar kan notin ya rasa kusurwa ko ɗaya, ya zama mulmulalle kamar ƙwayar gurjiya. Na zage shi da Hausa, na zage shi da Larabcin titi, har da 'yar Turancin da na sani. Haj Adam ya leƙo daga shago ya ce, "Ya zol, ma'alish, yi haƙuri, ƙarfe ne, ba ya jin ashar."

A nan ne na yi abin da na yi. Na ɗauki hoton notin na tura maka, na rubuta cewa babur ɗin wani abokina ne Bamisire, ya ji mahaifina bakanike ne shi ya sa ya ce in tambaya masa. Na duba hoton sau biyu don kada hannuna ya fito. Hannun kawai na duba.

Bayan la'asar saƙon muryarka ya shigo, minti shida da 'yan daƙiƙu. Na danna. Ka yi sallama, ka tambayi karatu, ka ce Innarmu na gaishe ni, sannan ka ce, "Ka gaya wa abokin naka ya fara ajiye sifanar nan ya je ya sha ruwa." Raina ya ɓaci. Ana ta kira na daga wajen aiki, jini na zuba a yatsuna, kai kuma kana maganar shan ruwa. Na tsayar da saƙon a minti ɗaya da rabi. Na ɗauko filaya, na ɗauko cizal da guduma, na ƙara lalata kan notin, na karce murfin. Da na gaji na mayar da takwas ɗin, na zuba mai, na ɗan daidaita wayar kuloci, na fita aiki da shi a haka.

Juma'ar da ta biyo ka kira, ina kallon wayar tana haske har ta katse. Tsoro nake ji kada ka tambaye ni labarin abokin, in sake ƙirƙiro masa suna da gari. Juma'a ta biyu ka kira sau biyu. Na rubuta maka cewa muna jarrabawa.

Ranar Talata da hantsi Rakiya ƙanwata ta kira. Ina tsaye a cunkoson titin Faisal, bayan wata ƙaramar bas, abincin wani a akwatin bayana. Ta ce ka faɗi a rumfa da sifana a hannu, kafin a kai ka asibiti rai ya yi halinsa. Ban san abin da zan yi ba, sai na kai wa mutumin abincinsa. Ya buɗe ƙofa ya taɓa ledar ya ce ya huce. Kafin in sauko daga benensa na san ana yi maka wanka, kafin la'asar kuma an kai ka.

Ban zo gaisuwa ba. Takardar zamana ta ƙare tun da aka yanke tallafi, in na fita ba dawowa, in na zo gida kuma ba abin da zan nuna. Na ce wa Inna jarrabawa ce ta tsare ni. Har a mutuwarka sai da na yi ƙarya, Baba, kuma da ita na yi ta kwana ina tashi.

Saƙon ya zauna a wayata, ɗigon da ke nuna inda aka tsaya yana nan a minti ɗaya da rabi. Sau nawa na buɗe na kalle shi na rufe. Ba zan iya jin muryarka tana yi wa mutumin da babu shi nasiha ba. Babur ɗin kuwa na ci gaba da lallaɓa shi, ina ja masa waya yau, in ƙara ja gobe, ina kauce wa duk hanyar da ke da hawa.

Makon jiya babur ɗin ya yanke hukunci. A hawan gadar da ke kai mutum unguwar Muhandisin ya tsaya cak, injin na kururuwa, taya ba ta motsi, motoci na ta danna min oda. Na turo shi har gida, sama da awa biyu. Haj Adam ya ce in kai wa usta ya yi wa kan notin walda, minti goma halas, an wuce wajen. Gaskiya ya faɗa. Amma na kasa yarda wani ya taɓa notin nan alhali amsarka tana cikin aljihuna.

Ranar Alhamis da safe na shimfiɗa buhu a ƙarƙashin matakala, na jingina wayar a jikin taya, na danna. Sai ga tashar Funtua ta cika zauren, 'yan kamasho na kiran Zariya, wani na buga ƙarfe a rumfar maƙwabta, ga tarin nan naka da kullum kake cewa ba komai ba ne. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Sannan na yanke shawarar ba zan ji shi gaba ɗaya ba. In ka faɗi abu ɗaya sai in tsayar, in aikata, sannan in ci gaba, don na san guzuri ne da ba za a ƙaro ba.

Ka ce a fara cire salansa da matakin birki. "Noti biyu ne fa ke riƙe da salansa, amma malalaci ya gwammace ya yi awa uku yana murɗe wuyan hannu." Na cire su. Cikin minti ashirin ga notin a sarari yana kallona, da duk raunin da na yi masa.

Ka ce, "Babban kuskuren abokinka, ya bar mai wuya sai ƙarshe. In ka kwance takwas, murfin duk a wuyan na tara yake rataya, ya ƙara cijewa. Mai wuya ake fara taɓawa tun 'yan'uwansa suna riƙe." Ka ce a mayar da su, a ɗaure biyun da ke maƙwabtaka da shi da kyau. Takwas ɗin dama suna wurinsu, sai na ɗauki sifana na ɗaure biyun.

Ka ce a haɗa man birki da kananzir a ɗiga masa, a sa ƙaramin ƙarfe a kansa a ƙwanƙwasa da guduma. "Ba dukan ɓarawo ba, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai." Dariya ta kuɓuce min ina hawaye. Ka ce a maimaita duk bayan sallah, a bar shi ya kwana, kada kowa ya kuskura ya gwada shi kafin gobe. Na tsayar da kai a nan. Na ɗiga masa bayan azahar, bayan la'asar, bayan magariba, matar mai gadin bene tana wucewa tana kallona kamar mai shayar da marar lafiya.

Juma'a da safe na ci gaba. Ka ce a ba shi zafi, amma a jikin injin inda ya shige, ba a kansa ba, don alminiyam ya fi ƙarfe saurin buɗewa. In babu wuta, tafasasshen ruwa ma ya isa. Sau biyu na sauko daga hawa na huɗu da buta tana tururi.

Ka ce tunda kan mai lamba takwas ne kuma ya cinye, a samo soket mai lamba bakwai a buga shi da guduma har ya zauna daram. Sannan ka faɗi abin da ban taɓa zata ba. "Kada ka fara da kwancewa. Ka ɗan ƙara ɗaure shi tukuna, kamar kaurin gashi, sannan ka dawo. Gaba kaɗan, baya kaɗan. Ba fizga ba, jingina nauyinka za ka yi a hankali."

Na yi bismillah na jingina. Shiru. Na dawo, na sake. A karo na huɗu na ji ƙas! Na ce shi ke nan ya karye a ciki. Na juya hannun soket ɗin a tsorace, sai na ji yana biyo ni. Ya fito da wani farin gari a jikinsa kamar toka. Na ɗora shi a tafin hannuna, ko tsawon ɗan yatsana bai kai ba. Na soke shi a ramin tara na kwalin, wanda yake rataye a ƙusa tun waccan Juma'ar.

Saura minti ɗaya da kaɗan a saƙon. Na zaci sallama ce da gaisuwa ga abokina. Na danna da gwiwar hannu don yatsuna duk mai ne.

Da farko na ji ka matsa daga hayaniyar titi, ina jin bayan darbejiya ka zagaya. Sannan ka ce, "Malam. Kwalin nan da ya fito a gefen hoton, na ga an yage masa kusurwar dama. Duk Funtua ni kaɗai ke yage kusurwa, ban kuma tuna na koya wa wani Bamisire ba."

Ka yi tari. Ka ce, "Na daɗe ina jin titi a muryarka ranar Juma'a, na dai yi shiru ne. Ban ji daɗi ba, ba zan ɓoye maka ba. Amma karatun bai kai abokin nan da ka ƙirƙiro yi min ciwo ba. Ni na yi ta korar ka daga rumfa, ashe kana nan baya kana ɗauka. To, Allah Ya yi albarka. Ban faɗa wa innarku ba, ba ni zan faɗa mata ba. In notin ya fito ka kira ni, ka gaya min da bakinka babur ɗin na wane ne. Ina nan."

A nan ya ƙare, Baba. Ɗigon ya kai bango.

Ashe abin da kake kira ka ji ke nan a Juma'o'in nan biyu. Kwana goma sha takwas kana nan kamar yadda ka ce, ni kuma ina kallon waya tana haske ina jira ta katse. Minti huɗu da rabi ne tsakanina da sanin cewa ka riga ka buɗe min ƙofa, na ƙi ƙarasawa don ka ce in sha ruwa. Wannan ciwon ban san ranar warkewarsa ba, ban ma sani ba ko ina son ya warke.

Ban taɓa farantan kulocin ba ranar. Na wanke hannu, na hau sama, na kira Inna kafin in rubuta ko harafi ɗaya na wannan takarda, tunda ka ce mai wuya ake fara taɓawa. Na faɗa mata komai. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Cewa ta yi, "Shi ya sa babanku ya riƙa goge hannu yana ciro wayar nan daga aljihun gaba, ko tuwo yake ci tana gefen kwano. Na tambaye shi ya ce wani aiki ya bayar yana jiran a ce masa an gama."

An gama, Baba. Jiya na sa farantan, na sayo sabon noti na shafa masa giris kamar yadda na sha ganin kana yi, na ɗaure tara ɗin bi da bi. Babur ɗin ya hau gadar nan ba gardama. Tsohon notin yana aljihun gaban rigata. Ban san ko zan koma aji ba, ban san yaushe zan ga kabarinka ba, kuma ba zan sake yi maka alkawarin da ban tabbatar ba. Wannan "Allah Ya yi albarka" da ka faɗa kafin ka ji amsata, ita nake riƙe da ita, ko da ban san na cancance ta ba.

Ya Allah, ga bawanKa Garba, ya ci halalinsa da hannunsa, bai taɓa mayar wa mutum babur da noti a sake ba. Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci fiye da inuwar da ya yi aiki a ƙarƙashinta. Ka wanke shi tas, Ka sa jiran da ya yi min ya zama nauyi a mizaninsa. Ka ba Inna haƙuri biyu, na rashinsa da na abin da na faɗa mata. Ni kuma Ka yafe min abin da ban samu na nemi yafiyarsa a wajensa ba. Amin.

Baba, notin ya fito ranar Juma'a da hantsi. Babu wani aboki. Babur ɗin nawa ne.

Wassalam. Ɗanka Habibu, daga ƙarƙashin matakala a Faisal, Alƙahira.